BABI NA BIYU: LABARAN MAGOYA BAYA DA MASU NUNA ABIN KARANTAWA, 1967 ZUWA 2020

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin wani nau'in rubutu da ya daɗe yana gudana a gefen adabin da aka sani, wato labaran da masu kallon wasannin kwaikwayo na talabijin da masu karanta littattafan zane suke ƙagawa da kansu ta hanyar aron taurarin da wasu suka ƙirƙiro. Turawa na kiran irin wannan rubutu fanfik a taƙaice. A cikin wannan aiki an zaɓi a kira shi labaran magoya baya, domin masu yin sa mutane ne da suka riƙi wani wasa ko littafi kamar yadda mai son ƙwallon ƙafa yake riƙon ƙungiyarsa.

Babin zai fi mayar da hankali ne a kan tambaya guda. Tun da yake waɗannan labarai ba su da kamfanin ɗab'i, ba a jera su a kantin littattafai, ba a kuma sa su cikin manhajar makaranta, ta yaya mai karatu yake gane wanda ya cancanci lokacinsa? Amsar tana hannun wasu mutane da ba kasafai tarihin adabi ke ambatonsu ba, su ne masu karanta labari su zaɓe shi, su nuna wa waninsu. Za a ga cewa aikin nasu bai taɓa rabuwa da haɗari ba. Labarin da ba wanda ya nuna shi yakan mutu a ɓoye, wanda aka cika nunawa kuwa yakan kai ga kunnen mai haƙƙin mallaka ko kuma hukuma.

2.1 Aron Taurari Kafin Zuwan Talabijin

Gina labari a kan tauraron da aka riga aka sani ba sabon abu ba ne, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su. Duk tsohuwar da ta tara jikokinta da dare tana da ikon jefa Gizo cikin sabuwar rigima, ba mai tuhumarta, muddin dai ta bar shi da wayonsa da kwaɗayinsa da tsamin bakinsa. Da za ta mayar da shi mai gaskiya da riƙon amana, yaran da kansu za su ce wannan ba Gizo ba ne. Da wannan ma'auni ake fara auna labaran magoya baya, wato ko tauraron ya fito da halin da aka san shi da shi. A ɓangaren rubutacciyar waƙa kuma akwai tahamisi, inda mawaƙi ke ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa ɗango uku su zama biyar, ba tare da ya ɓoye mai asalin waƙar ba. Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a ƙasar Hausa tare da tahamisinta ake rera ta.

A Turai ma an yi haka, amma da rigima. A shekarar 1614 wani mutum da ya sa wa kansa suna Avellaneda ya fitar da ci gaban littafin Don Quixote ba da sanin Cervantes ba. Cervantes ya fitar da nasa kashi na biyu a 1615, ya yi wa na jabun ba'a a cikinsa, sannan ya kashe tauraron a ƙarshe domin kada wani ya sake taɓa shi. Haka kuma lokacin da Arthur Conan Doyle ya kashe tauraronsa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu ba su yarda ba, har sai da ya dawo da shi bayan shekaru. Kafin nan da bayan nan mutane da yawa sun yi ta rubuta nasu labaran Holmes, kuma a 1934 aka kafa ƙungiyar Baker Street Irregulars a Niyok domin masu sha'awarsa.

Abin da ya raba Gizo da taurarin talabijin shi ne dokar haƙƙin mallaka. Tauraron wasa dukiyar kamfani ce, kamar yadda mota ko gida yake dukiya. Wannan ne ya sa Henry Jenkins, a littafinsa Textual Poachers na 1992, ya kamanta magoya baya da mafarautan da ke shiga gandun wani su yi farauta ba da izini ba. Mai farauta irin wannan ba ya shela a kasuwa. Saboda haka tun daga farko aka bar sanar da labari a hannun amintattu.

2.2 Zamanin Injin Gurza Takardu

Mujallun da masu sha'awa ke bugawa da kansu sun riga talabijin shiga gidajen Amurkawa. Tun 1930 masu son ƙagaggun labaran kimiyya suka fitar da wata mai suna The Comet a Shikago, kuma a 1940 aka fara kiran irin waɗannan mujallu fanzin. Sai dai yawancin abin da ke cikinsu sharhi ne da muhawara da wasiƙu. Wasan da ya juya akalarsu zuwa ga ƙaga labari a kan taurarin talabijin shi ne Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro, tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966. A watan Satumba na 1967 wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da Spockanalia, mujallar da masana ke ɗauka ita ce ta farko da aka keɓe wa wannan wasa. Sau biyar ta fito kafin ta tsaya a 1970.

NBC ta dakatar da wasan a 1969 bayan an nuna kashi 79, kuma ba a sake ganin 'yan wasan da jikinsu a waɗannan matsayi ba sai a fim ɗin 1979. Shekaru goman nan su ne suka raini wannan rubutu. Ƙananan tashoshi suna ta maimaita tsofaffin kashi, sababbin masu kallo suna ƙaruwa, sabon labari kuwa babu. Sai masu kallon suka shiga rubutawa da kansu, kuma galibinsu mata ne. Akan buga labari da tafireta a kan sitensil, a gurza shi a inji, a haɗa shafukan, a aika ta gidan waya. Kuɗin da ake karɓa na takarda ne da tawada da kan sarki. Rashin cin riba ya zama doka a tsakaninsu, domin sun ɗauka shi ne garkuwarsu daga ƙarar kamfani.

A wannan zamani mai shirya mujalla shi ne mazaɓi na farko. Takarda kuɗi ce, don haka ba kowane labari zai gurza ba. Wani ya mayar wa mai shi, wani ya sa a gyara sau biyu ko uku. Amma da mujallun suka yawaita sai wata matsala ta taso, wato ta yaya wadda ke zaune a ƙaramin gari za ta san akwai su, balle ta san wacce za ta aika wa kuɗinta? A 1972, shekarar da aka yi babban taron magoya bayan wasan na farko a Niyok, Jacqueline Lichtenberg ta jagoranci kafa Star Trek Welcommittee, ƙungiyar 'yan sa kai da ke amsa wasiƙun sababbin shiga, tana kuma fitar da jerin ƙungiyoyi da mujallu da adireshinsu. Aka kuma sami mujallun da ba su ɗauke da komai sai sanarwar wasu mujallun, da waɗanda ba su ɗauke da komai sai wasiƙun masu karatu, irin su Interstat da ta rayu daga 1977 zuwa 1991. A cikin waɗannan wasiƙu ne ake yabon labari ko a kushe shi, a ce wannan a saya, wancan kuwa asarar kuɗi ne. Daga baya aka ƙara da kyaututtukan Fan Q, waɗanda masu karatu ke jefa ƙuri'a a kansu, aka riƙa bayar da su a taron MediaWest*Con da aka fara a Lansing ta jihar Michigan a 1981. Zaɓen da ya fi kowanne fita fili shi ne na 1976, lokacin da kamfanin Bantam ya buga Star Trek: The New Voyages, tarin labaran magoya baya da Sondra Marshak da Myrna Culbreath suka tsamo, aka sayar a kantuna da amincewar masu wasan.

Wannan shi ne ɓangaren da ke bayyane. Akwai kuma na ɓoye, wanda Camille Bacon-Smith ta bayyana a littafinta Enterprising Women na 1992 bayan ta yi shekaru tana cuɗanya da waɗannan mata. Ta nuna cewa sabuwar shiga takan sami tsohuwar hannu da za ta yi mata jagora, ta riƙa ba ta aron mujallu daki-daki, ta fara da masu sauƙi, sai ta fahimci hankalinta kafin ta nuna mata sauran. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne wasu labaran na soyayya ne da ke bayyana abin da ba a nunawa a talabijin, kuma daga 1974 aka fara buga waɗanda ke ƙulla soyayya tsakanin taurarin wasan biyu maza, Kirk da Spock. Mace mai aikin koyarwa ko aikin gwamnati tana iya shiga matsala idan aka ga sunanta a kan irin wannan rubutu. Tsoron kamfani ma ba na banza ba ne, domin a 1981 kamfanin Lucasfilm ya aika wa masu mujallun Star Wars takardar gargaɗi a kan labaran batsa. Magoya bayan wasan Ingila mai suna The Professionals, wanda aka nuna daga 1977 zuwa 1983, sun fi kowa ɓoyewa. Da yawan labaransu ba sa ɗauke da sunan marubuci, ba a kuma haɗa su cikin mujalla. Fotokwafi ake yi, a miƙa daga hannu zuwa hannu. A irin wannan yanayi mai nuna labari ita ce kuma mai gadinsa, ita ke yanke hukuncin wanda zai gani da wanda ba zai gani ba.

Masu zaɓe suna buƙatar kalmomin yanke hukunci, kuma wadda ta fi shahara ta fito ne daga ba'a. A 1973 Paula Smith ta rubuta ɗan gajeren labari mai suna A Trekkie's Tale a mujallar Menagerie, inda wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar da rabi, Mary Sue, ta shiga jirgin, kowa ya kamu da sonta, ta fi kowa ilmi, ta ceci kowa, sannan ta mutu ana kukanta. Daga nan duk tauraruwar da marubuciya ta ƙirƙiro domin ta wakilce ta, ta kuma fifita ta fiye da ƙima, sai a kira ta Mary Sue. Kalmar ta taimaka wajen bambance aya da tsakuwa, amma ana iya cewa ɓarnarta ba ta gaza amfaninta ba, domin ta tsorata 'yan mata masu koyon rubutu har wasu suka daina sa mace mai ƙwazo cikin labari gaba ɗaya. Abin mamaki shi ne ba a cika yi wa taurari maza masu irin wannan fifiko wannan gori ba, alhali Kyaftin Kirk kansa bai yi nisa da siffar ba.

Wanda ya san yadda littattafan soyayya na Kano suka yaɗu daga ƙarshen shekarun 1980 zai ga kama a nan. Marubutan da kansu suke buga littattafansu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, masu karatu suna samun littafi ta hanyar haya ko aro daga ƙawa, ana kuma buga wasiƙun masu karatu a cikin littattafan. Brian Larkin ya nuna a 1997 irin tasirin da finafinan Indiya suka yi a kan wannan adabi. Sai dai akwai bambanci na asali. Marubucin da ya ari jigon fim ɗin Indiya yakan canza sunaye da gari, ya mayar da komai na Hausawa, ya sayar da littafin a matsayin nasa. Marubuciyar labarin magoya baya kuwa sunayen take riƙewa, domin su ne ke jawo mata mai karatu, kuma su ne ke hana ta sayarwa.

2.3 Littattafan Zane: Amurka da Japan

A Amurka, masu karanta littattafan zane sun san juna ne ta shafin wasiƙu. A farkon shekarun 1960 Julius Schwartz na kamfanin DC ya fara buga cikakken adireshin masu aiko da wasiƙa, sai suka shiga rubuta wa juna. A 1961 Jerry Bails da Roy Thomas suka fitar da mujallar Alter Ego, kuma Thomas ɗin nan ya zama babban editan Marvel a 1972. Amma waɗannan galibi maza ne masu tara littattafai da tsara tarihinsu. Rubuta labaran zube a kan taurarin zane, musamman na X-Men, bai bunƙasa sosai ba sai a shekarun 1990.

Japan ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. A can ana kiran littafin da mutum ko ƙaramar ƙungiya ta buga da kanta dojinshi, kuma da yawansu zane ne aka yi da taurarin shahararrun littattafai. Ranar 21 ga Disamba, 1975, aka buɗe kasuwar Comiket a Tokyo da ƙungiyoyi 32 da mahalarta kimanin 700, galibinsu 'yan mata. Abin lura shi ne waɗanda suka kafa ta, ciki har da Yoshihiro Yonezawa, 'yan wata ƙungiyar sharhi ne mai suna Meikyu, wato mutanen da aikinsu karanta zane ne da auna shi. A tsakiyar shekarun 1980 labarin ƙwallon ƙafa na Captain Tsubasa, wanda Yoichi Takahashi ya fara a 1981, ya jawo ɗimbin mata masu zane, kasuwar ta cika ta batse. A 1996 ta koma babban zauren Tokyo Big Sight, kuma a taron Disamba na 2019 an ƙidaya shigar mutane kimanin 750,000 cikin kwana huɗu.

A wurin da masu sayarwa suka haura dubu talatin, ba mai iya zagaya kowane tebur. Saboda haka ake buga kundin jagora mai kauri, inda kowace ƙungiya ke samun ɗan ƙaramin akwati ta yi zane guda da zai nuna hannunta da taurarin da take bi. Mai saye yakan zauna da kundin kwanaki kafin taro yana sa alama, yana tambayar abokai. Tsarin zaman kansa ma nuni ne, domin ƙungiyoyin da aka san za su tara jama'a jikin bango ake ajiye su, don layinsu ya fita waje. Duk wanda ya ga tebur a jikin bango ya san masu shirya taro sun riga sun yi masa shaida. Daga wannan kasuwa ƙwararru da dama suka fito, kamar ƙungiyar mata ta CLAMP.

Ba kamar Amurka ba, a Japan ana sayar da waɗannan littattafai a fili. Dalili shi ne ba a gurfanar da mai irin wannan aro sai mai haƙƙin ya kai ƙara da kansa, kamfanoni kuwa sukan kawar da kai, tun da kasuwar na raya sha'awar kayansu tana kuma horar musu da sababbin masu zane. A 2016 firayim minista Shinzo Abe ya faɗa a majalisa cewa dojinshi ba sa gogayya da littattafan asali a kasuwa. Amma kawar da kai yana da iyaka. A 1999 kamfanin Nintendo ya kai ƙara, 'yan sandan Kyoto suka kama wata mata a kan zanen batsa da ta yi da taurarin Pokémon. Misalin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne na Doraemon. Mai wannan labari, Fujiko F. Fujio, ya rasu a 1996 bai kammala shi ba. A 2005 wani mai zane ya fitar da nasa ƙarshen labarin, ya kwaikwayi hannun marigayin sosai, labarin kuma ya taɓa zuciyar mutane. Kowa ya karanta sai ya gaya wa wani, har aka sayar da kwafi kimanin 13,000, wasu suka ɗauka shi ne ƙarshen na gaskiya. A nan ne kamfanin Shogakukan ya tashi, kuma a 2007 mai zanen ya ba da haƙuri, ya biya wani kaso na abin da ya samu. Babu batsa a littafin, babu cin mutuncin kowa. Da bai yi kyau ba, da ya wuce kamar dubban irinsa ba wanda ya kula.

2.4 Zamanin Intanet

Wasan The X-Files, wanda aka fara a 1993, yana cikin na farko da magoya bayansa suka taru ta kwamfuta maimakon gidan waya, kuma a 1995 suka kafa taskar Gossamer domin adana labaransu. Magoya bayan Xena: Warrior Princess sun bi sahu, har masu wasan suka ɗauki ɗaya daga cikinsu, Melissa Good, ta rubuta musu kashi biyu a zangon ƙarshe. A watan Oktoba na 1998 Xing Li ya buɗe FanFiction.Net, inda kowa ke iya sa labarinsa a kan kowane wasa, ba edita, ba kuɗin takarda.

Wannan sauƙi ya kawar da mazaɓi na farko. A da mai mujalla ke tacewa kafin a buga, yanzu kuwa sai an buga ake tacewa, kuma nauyin ya koma kan masu karatu. Daga nan jerin labaran da aka yaba ya zama nau'in rubutu mai zaman kansa. Mai jerin yakan kawo sunan labari da marubuci da tsawonsa, ya faɗi taurarin da ke ciki, ya yi gargaɗi idan akwai mutuwa ko tashin hankali ko abin da bai dace da yara ba, sannan ya rubuta 'yan layuka a kan dalilin da ya sa ya so shi. Ana iya kamanta shi da dillali a kasuwar dabbobi, wanda ya san kowace dabba da mai ita, sai dai shi ba ya karɓar la'ada, kuma jarinsa kawai shi ne a ce bai taɓa tura mutum ga labarin banza ba. A 2003 aka kafa Crack Van a dandalin LiveJournal, inda kowane wata aka riƙa samun ɗan sa kai ga kowane wasa, ya gabatar da wasan ga wanda bai taɓa gani ba, sannan ya yi wata guda yana kawo zaɓaɓɓun labarai. Ta wannan hanya mutane da yawa suka fara karanta labaran wasa kafin su kalli wasan kansa, abin da ke nuna cewa mai nunin ya koma yi wa kamfani talla ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

Raunin wannan tsari shi ne an gina shi a filin wasu. A 2002 FanFiction.Net ta haramta labaran manya ta share su. A watan Mayu na 2007 LiveJournal ta rufe ɗaruruwan shafuka cikin dare ɗaya, ciki har da na magoya baya da ba su yi laifin da ake nema ba. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda dubban ƙananan taskoki suke. A 2011 sababbin masu Delicious, wurin da da yawa ke ajiye jerin abin da suka zaɓa, suka sauya tsarinsa, aikin shekaru ya rikice. Akwai labaran da babu abin da ya saura daga gare su sai sunansu da yabon da wani ya yi musu a cikin tsohon jeri.

Waɗannan abubuwa, tare da yunƙurin wani kamfani mai suna FanLib na cin riba da labaran a 2007, su suka sa marubuciya Naomi Novik ta yi kira da a gina taska mallakar magoya baya. A shekarar aka kafa ƙungiyar Organization for Transformative Works, kuma a watan Nuwamba na 2009 aka buɗe Archive of Our Own ga jama'a. Ba ta ɗauke da talla, da gudummawa take tafiya. Labaranta sun kai miliyan ɗaya a 2014, kuma a 2019 aka ba ta lambar yabo ta Hugo a taron Dublin. Abin da ya shafi wannan babi shi ne yadda ta tsara nemo labari. Marubuci ke liƙa wa labarinsa alamomi da kalmomin da ya ga dama, 'yan sa kai kuma su bi baya suna haɗa masu ma'ana ɗaya. Mai karatu na iya danna alamar yabo, yana kuma iya ajiye labari da shaidar cewa yana ba da shawarar a karanta shi. Taskar ba ta da na'urar da ke tura wa mutum labari bisa abin da ya karanta jiya. Duk da haka ƙidayar yabo ba ta maye gurbin mutum ba, domin tana fifita tsohon labari a kan sabo, da wasa mai jama'a, kamar Supernatural ko finafinan Marvel, a kan ƙaramin wasan da mutum ɗari ne suka sani.

Kamfanoni sun gwada shiga tsakani. A 2013 Amazon ta buɗe Kindle Worlds, ta sami izinin wasanni irin su The Vampire Diaries da Gossip Girl da littattafan zane na Valiant, domin a rubuta a sayar bisa sharuɗɗa. An rufe shi a 2018. Ana iya danganta wannan da cewa masu karatun sun saba samun labari kyauta daga hannun wanda suka amince da zaɓensa, kuma sharuɗɗan sun hana yawancin abin da ke kai su ga karatun.

Tsohon haɗarin kuwa bai gushe ba, ya dai sauya fuska. A 2019 aka nuna wasan The Untamed a ƙasar Sin, ya ɗaukaka ɗan wasa Xiao Zhan. A watan Fabrairu na 2020 aka tallata a dandalin Weibo wani labari da ke Archive of Our Own, wanda aka gina a kan ɗan wasan kansa, ba a kan tauraron da ya fito a matsayinsa ba. Labarin ya fita daga hannun waɗanda suka saba da irinsa ya isa ga wasu magoya bayan ɗan wasan, suka ga cin mutunci ne, suka haɗa kai suka kai ƙara ga hukuma. Ranar 29 ga watan aka toshe taskar baki ɗaya a ƙasar Sin. Marubuta da masu karatu da suka rasa hanyar shiga suka mayar da martani da ƙaurace wa kayan kamfanonin da ɗan wasan ke yi wa talla, wasu kuma suka kwashe labaransu daga dandalin Lofter na cikin gida, suka koma aika wa junansu a asirce.